Kowa Ya Kama Gidansa

Mutanen unguwar Gada Biyu a Jos sun san Datti tun kafin ya zama Malam Datti. Shekara tara ya yi yana kamasho a tashar mota ta Taminus, yana kiran fasinjan Bauchi da wata murya da ake jiyowa tun daga cikin kasuwa. Ni Shu'aibu tela maƙwabcinsa ne, kuma shagona yana kallon makarantar da wannan abu ya faru, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani.

Bayan gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, yara suka yi wa makarantu yawa, malamai suka yi kaɗan, aka shiga neman duk wanda ya taɓa riƙe alli. Datti ya tono takardarsa ta aji bakwai daga ƙasan akwati, ya kakkaɓe ta, aka ɗauke shi malamin wucin gadi. Sharaɗin ɗaya ne: bayan wata uku sufeto zai zo ya kalli darasinsa. In ya ci maki hamsin cikin ɗari a tabbatar masa da aiki, in bai ci ba ya koma inda ya fito.

Komawar nan kuwa ita ce abin da Datti ba zai iya ba, don ranar da zai bar tasha sai da ya hau kan benci ya yi wa 'yan kamasho jawabi. Ya ce duk ranar da suka sake ganinsa a Taminus, to a cikin motar kansa ne, kuma kada wanda ya ce ya san shi. Daga nan ya zo ya sa na ɗinka masa riga mai aljihu huɗu, ya jera biro uku a na sama. Ko ɗaya ba ya rubutu.

"Shu'aibu," in ji shi, yana duba kansa a madubin shagona, "ni fa lissafi a jinina yake. Motar mutum goma sha takwas na sha zuba mata ashirin da biyar, kuma kowa ya zauna. Wane farfesa ne zai iya wannan?"

Na ce, "Wanda ya zauna a cinyar wani ma ai ya zauna."

Ya ce, "Hassada ga mai rabo taki ce. Ci gaba da taka kekenka."

Shugabar makarantar, Madam Gertrude, ta ba shi aji biyu, yara sittin da uku. Ta gaya masa darasin da sufeto zai duba shi ne na gidajen lambobi: gidan ɗaya-ɗaya, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari, yadda biyu a wannan gida biyu ce, a wancan ashirin, a na gaba ɗari biyu. Ta miƙa masa littafin malami.

"Malam Datti, ka karanta wannan sosai. Yara ba ya gane abin nan da sauri."

Datti ya mayar mata da littafin da hannu biyu, cikin ladabin da ya fi rashin kunya ciwo. "Madam, littafi ai na masu koyo ne. Ni da wasa zan koyar. Kafin sati uku yaran nan za su riƙa lissafi cikin barci."

Wasan farko na duwatsu ne. Ya ce kowane yaro ya zo da dutse goma, za a tara su goma-goma. Bai faɗi girmansu ba, kuma a Jos in ka ce wa yaro ya kawo dutse ba ka ba shi wahala ba. Wasu suka zo da tsakuwa, wasu da masu girman dunƙulen hannu, wata yarinya ta ɗauko ɗan dutsen niƙan uwarta. Kafin a tashi tara an fasa gilashin ofishin Madam, an kumbura wa mai gadi goshi. Datti ya ce wannan alamar yaran suna son darasin ne. Aka watsar da duwatsun a filin makaranta, nan suka zauna.

Wasa na biyu ya ce ba mai jifa da tsinke. Kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya ɗari, a ɗaure su goma-goma. Washegari gari ya waye ba tsintsiya ko ɗaya a layinmu. Ina buɗe shago na hango mata sun yi ayari sun nufi makaranta, kowace riƙe da igiyar da ta rage mata, matarsa Binta ce a gaba, don har tata ba ta tsira ba.

Datti ya fito bakin aji yana gyara biro. "Iyaye mata, ku kwantar da hankalinku. Ilimi ne."

Binta ta ce, "Ilimin ne zai share mini tsakar gida?"

"Ke ba za ki gane ba. Kowane dami goma ne. Dami goma ɗari."

"Tun kakanninmu tsintsiya maɗaurinta ɗaya, kai ka zo ka yi mata goma. To ga shi nan, ka share da su mu gani."

Ta ɗauki dami ɗaya ta danƙa masa, ɗan siriri kamar asuwaki. Mata suka fashe da dariya, yara suka taya su. A ranar sai da Datti ya zauna a ƙasa yana harhaɗa tsintsiya har azahar, kowace mace tana cewa tata ta fi haka kauri.

Da wani ne, da ya haƙura ya karɓi littafin. Datti ba wani ba ne. Da yamma ya zo shagona idonsa yana ƙyalli.

"Na gano inda matsalar take. Dutse ba ya ji, tsinke ba ya ji. Yaran da kansu zan mayar lambobi."

Ya samo kwalayen sukari ya yayyanka, ya rubuta ɗaya zuwa tara, ya maimaita ya maimaita, ya rataya wa kowane yaro ɗaya a wuya. Ya zana manyan gidaje uku a fili da toka, ya ce wannan gidan ɗari-ɗari, wannan na goma-goma, wannan na ɗaya-ɗaya. In ya kira lamba, masu kwalin su ruga su shiga gidan da ya dace. Gaskiya dabarar ba ta da laifi, kuma da a hannun wani take da ta yi aiki.

Da ya gama rabon kwali sai ya ga saura yarinya ɗaya, Lai'atu, 'yar wata mai sayar da dankali, shiru-shiru ce, ko a layi ita ce ta ƙarshe. Ya gaji da rubutu, sai ya zana mata ƙwai guda a kwali ya rataya mata.

Ta ce, "Malam, ni ina gidana?"

"Ke sifiri ce. Sifiri ba komai ba ne, ba shi da gida. Tsaya duk inda kika ga dama."

Madam Gertrude tana wucewa ta ji. "Malam Datti, to yaya za ka rubuta ɗari da biyar?"

"Ka rubuta ɗaya, ka ɗan bar fili, ka rubuta biyar. Madam, fasinjan da bai zo ba ba a ba shi kujera."

Madam ta wuce tana girgiza kai. Sati biyu ana wannan wasa, kullum ina hango yarinyar nan tsaye a gefe da ƙwanta a wuya, sauran suna gudu suna ihu. Ba ta taɓa kuka ba, amma ni abin ya riƙa ba ni tausayi, ya kuma riƙa ba ni haushin Datti.

Ba a kwana uku da fara wasan ba Hajiya Mariya mai tuwo ta dira a makaranta, gyale a kafaɗa.

"Malam, ni ce za ka wulaƙanta? 'Yata Maimunatu ta zo tana kuka wai ka sa ta a gidan ɗaya-ɗaya, ɗan Okwudili mai facin taya yana gidan ɗari. Ubanta gidan bulo gare shi a unguwar Congo-Russia, ka je ka tambaya!"

"Hajiya, ba irin wannan gidan ba ne."

"Ko wane iri ne, 'yata ba ta zama a ƙarami."

Datti, wanda kullum a wurinta yake cin tuwon rana, ya ce an mayar da Maimunatu gidan ɗari, ɗan Okwudili ya sauko. Washegari sai ga Okwudili da sifana a hannu.

"Oga Tisha, me yaro na ya yi? Jiya yana ɗari, yau yana ɗaya. Wane irin faɗuwa ne wannan? Ko taya ba ya sacewa haka."

Aka mayar da ɗan Okwudili gidan ɗari. Labari ya bazu cewa in ka je ka yi magana ana ƙara wa ɗanka girma. Kafin ƙarshen sati iyaye sun yi ta sintiri, kuma duk wanda ya zo Datti ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa ranar sufeto ɗansa a gidan ɗari zai tsaya, amma kada ya gaya wa kowa. Uwar Lai'atu ce kaɗai ba ta zo ba, tana can tana fama da dankalinta.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani. Makarantar ba ta da ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen mota ake bugawa, shi ma ba ya ƙara sosai. Tun zuwan Datti aka daina wahala da shi, don kullum lokacin tashi sai ya tsaya a bakin ajinsa ya buɗe muryar tasha ya ce, "Kowa ya kama gidansa!" Duk makarantar ta saba, daga aji ɗaya har aji shida. Ni kaina da wannan ihun nake sanin lokacin ajiye almakashi.

Ranar sufeto ta zo da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Datti bai bar abin ya zama sirri ba. Ya gayyato iyaye, ya aika Taminus aka kira 'yan kamasho su zo su ga yadda ake aikin gwamnati. Kafin ƙarfe goma bakin wayar da ta kewaye makarantar ya cika, ni ma na rufe shago na samu wuri a gaba.

Sufeton, Mista Sylvanus, ɗan gajeren mutum ne mai suwaita ruwan toka, ba ya dariya ba ya fushi. Aka ajiye masa kujera a fili, Madam Gertrude ta tsaya a bayansa tana murza hannu. Datti ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda ya ƙirƙiro wasan da ko a Ingila ba a san shi ba.

Sufeto ya duba agogo. "To, Malam. Nuna mini ɗari biyu da talatin da huɗu."

"Ranka ya daɗe, ƙaramin abu ka tambaya." Ya juya ga yara. "Ɗari biyu da talatin da huɗu! Maza!"

Masu biyu suka ruga gidan ɗari. Masu uku suka ruga gidan ɗari. Masu huɗu suka bi su. Daga bakin waya Hajiya Mariya ta ƙwala kira, "Maimunatu, me kike jira? Shiga na ɗarin!" Maimunatu bakwai ce a wuyanta, amma ta shiga. Okwudili ya yi wa nasa ɗan tsawa da yarensu, shi ma ya kutsa. Sauran iyaye kowa ya shiga kiran nasa. Cikin ƙiftawar ido yara sittin da biyu suna cikin gida ɗaya, ana turereniya ana taka ƙafa, gidan goma da na ɗaya kuwa ko akuya babu.

Sufeto ya ce, "Wannan nawa ke nan?"

Gumi ya karyo wa Datti duk da sanyin. Sai tsohuwar sana'a ta motsa. Ya faɗa cikin yaran yana tura wannan yana jan wancan. "Matsa ciki! Kai, ɗauki ƙaramin a cinya! Akwai wurin mutum biyu a baya!"

'Yan kamasho suka ɗauki tafi. Wani ya ce, "Saura mutum ɗaya ta tashi!"

Datti ya jawo masu uku ya kai gidan goma, kafin ya juyo da masu huɗu sun koma. Ya kamo Maimunatu zai fitar, Hajiya Mariya ta ce in ya taɓa mata 'ya ya ci tuwonsa na ƙarshe. Wani yaro ya ciji wani, aka fara kuka, toka ta tashi, layin gidajen ya shafe. Biro biyu suka faɗi aka tattake. Nan idon Datti ya rufe. Ya ja numfashi ya cika ƙirji, yana nufin kowace lamba ta koma inda ya dace da ita, ya saki muryar nan gaba ɗaya.

"Kai! Ya isa! Kowa ya kama gidansa!"

Yaran suka dubi juna. Sannan yara sittin da biyu suka yi ihun murna suka watsar da kwalaye suka nufi ƙofa. Ba su kai ba sai ƙofofin sauran azuzuwa suka buɗe, aji ɗaya har aji shida, kowa da jakarsa, malamansu na bin su suna duba agogo cikin mamaki. Madam Gertrude ta ruga ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannu tana cewa, "Ku koma! Bai yi lokaci ba!" Suka bi ta ƙarƙashin hammatarta suka wuce. Datti yana bin su yana ihu, "Ba wannan gidan ba! Na toka! Na toka nake nufi!" Ina! Ƙarfe goma da rabi na safe makarantar ta zama kango.

Da ƙura ta lafa sai ga mutum ɗaya tsaye a tsakiyar fili. Lai'atu ce, da ƙwanta a wuya.

Sufeto ya yafito ta. "Yarinya, ke me ya sa ba ki tafi ba?"

"Malam ya ce ni ba ni da gida."

Dariyar bakin waya ta ɗan tsaya. Sufeto ya dubi Datti, wanda ya dawo yana haki. "Haka ne, Malam?"

"Ranka ya daɗe, ai sifiri ce. Sifiri ba komai ba ne. Duk inda ya tsaya ɗaya ne."

"Ka tabbata?"

"Ko a gaban alƙali."

Mista Sylvanus ya sunkuya ya tsinci kwali ɗaya a ƙasa, mai lamba biyar, ya kakkaɓe shi ya rataya wa Datti a wuya. Ya juya shi ya fuskanci jama'a.

"Makinka lamba biyu ne, Malam. Ɗaya ga ta a wuyanka, ɗayar tana wuyan yarinyar nan. Ta tsaya kusa da kai duk inda ta ga dama, yadda ka koya mata. Abin da jama'a suka karanta shi zan rubuta."

Datti ya yi murmushi har da ɗaga wa 'yan kamasho hannu. Lai'atu ta duba nan ta duba can, ta je ta tsaya a gefen da rana take, wanda daga inda muke shi ne ta inda ake fara karatu. Sifiri a gaba, biyar a baya.

Okwudili ya karanta da ƙarfi. "Biyar!"

Datti ya dubi ƙirjinsa, ya dubi yarinyar, ya dubi gefen da ba kowa. Na ga leɓensa yana motsi. Wallahi a gaban idona ilimin ya shige shi, abin da wata uku bai yi ba. Murmushin ya zube.

"Lai'atu, 'yar albarka," in ji shi da wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba, "zagayo ta wannan gefen."

"Nan ne akwai rana, Malam. Sanyi nake ji."

"Zagayo, zan sa ki a gidan ɗari. Ke kaɗai."

"Ai ka ce ni ba komai ba ce."

Hajiya Mariya ta ce, "Faɗa masa, 'yar nan!"

Da Datti ya ga ba za ta motsa ba sai ya yi wuf ya zagaya ɗaya gefen nata. Jama'a suka ce, "Hamsin!" Ita kuwa, da yake yau ne karon farko da aka sa ta a wasa, sai ta ɗauka wasan ke nan, ta ƙyalƙyale da dariya ta zagaye shi. "Biyar!" Ya sake zagayawa. "Hamsin!" Ta sake. "Biyar!" Haka suka yi ta juyi a tsakiyar fili, ƙaton mutum mai aljihu huɗu da 'yar yarinya, duk Gada Biyu tana ba su amshi. A zagaye na shida ƙafarsa ta ci karo da ɗan dutsen niƙan nan da ke kwance a fili tun wasan farko. Ya tafi gaba ɗaya ya zube a cikin toka, kwalin ya kwanta a ƙirjinsa yana kallon sama. Lai'atu ta tsaya cak a gefen rana, tana haki tana murna.

"Biyar!" in ji jama'a.

Sufeto ya zare bironsa, irin mai rubutu, ya rubuta. Da zai tafi ya tsaya ya ce wa Madam Gertrude a samo wa yarinyar nan malamin da zai nuna mata gidanta, don yau ita ce ta koyar da darasin. Datti yana zaune a ƙasa yana tofar da toka, 'yan kamasho suka zo suka ɗaga shi, babbansu yana kakkaɓe masa riga yana tambaya a ina ya ajiye motar tasa.

Ranar Litinin ya koma Taminus. Na ɗauka kunya za ta rufe masa baki ko na wata ɗaya, amma da na je sayen zare ranar Laraba na tarar da shi a kan bencin nan, fasinjan Bauchi sun kewaye shi, yana ba su labarin zamansa a aikin gwamnati. Wani dattijo ya tambaye shi, to me ya sa ya bari?

Datti ya gyara biron da ya rage masa. "Baba, ni hamsin na ci cif. Sifirin ne kawai ya tsaya a gidan da ba nasa ba."

Na tsaya na yi ta juya maganar, na ga ba inda zan kama shi da ƙarya. Tun da na san Datti, wannan ne lissafin farko da ya yi daidai.